Yadda Ake Gano Matsalar Wutar Lantarki a Gida Bayan Hadari

Ta hanya uku hadari ke ɓata wutar gida. Iska tana tsinka waya, tana karyo reshe ya faɗa kan layi, tana jijjiga mahaɗar wayoyi har ta saki. Ruwa yana bi ta inda kwano ya ɗaga ya sauka cikin silin, ya kwanta a akwatunan haɗin waya, ya gangara ta bututun waya har cikin soket. Tsawa kuwa ba sai ta faɗi a kan gidanka ba. Idan ta faɗi kusa da layin da ke kawo muku wuta, ƙarfin da ke shigowa yakan kai dubban volt a ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma hakan ya isa ya ƙona talabijin da caja da inbata. Kowace ɓarna da alamarta, shi ya sa ba a fara bincike da kwance soket. Daga waje ake farawa a shigo ciki, daga inda wuta ke shigowa zuwa inda ake amfani da ita, sannan a riƙa mayar da wutar layi ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Ka san da me kake aiki. Wutar gida a yawancin ƙasashe volt 220 zuwa 240 ce, a Amurka da Kanada volt 120. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, kuma ba ta da yawa: kimanin miliamp 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na amp, takan sa hannu ya ƙanƙame waya ya kasa saki. Daga miliamp 50 zuwa 100, idan ta bi ta ƙirji, tana iya hargitsa bugun zuciya. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa a kan jiƙaƙƙen daɓe hanya take ba ta. Taɓawar da a busasshen wuri za ta tsaya a fisga, bayan ruwa tana iya zama ajali.

Fara da zagaya gidan

Kada ka fita sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Idan dare ne kuma babu ƙauri ko tartsatsi, ka kashe babban makunni ka bar zagayen sai gari ya waye, domin ba a ganin waya a cikin ciyawa ko kududdufi da hasken tocila.

Ka sa busasshen takalmi mai tafin roba. Ɗaga kai ka bi wayar da ta taso daga falwaya zuwa gidan da ido: ta tsinke ne, ta yi lilo ƙasa-ƙasa, reshe ya danne ta, ko tana gugar bakin kwano? Dubi ƙarfen da ya riƙe ta a bango ko ya tumɓuke. Dubi akwatin mita ko murfinsa ya buɗe, ko akwai baƙin hayaƙi a jikinsa. Dubi eriya da faifan tauraron ɗan'adam, ko sun karkace sun jingina da waya. Kafin ka kama ƙofar ƙarfe ko shingen waya, ka tabbatar babu wayar da ta kwanta a kansu ko da can nesa ne, domin ƙarfe yana kai wuta har ƙarshensa.

Duk wayar da ka gani a ƙasa, ka ɗauka tana da wuta, ko da unguwar duka tana cikin duhu. Ana iya dawo da wuta a kowane lokaci, kuma janaretan wani gida yana iya turo ta baya. Ka tsaya aƙalla mita 10 daga gare ta, ka hana yara da dabbobi zuwa, ka kira kamfanin wuta. Dalilin wannan tazara shi ne ƙasar da ke kewaye da wayar ma tana ɗaukar wuta, ƙarfinta yana raguwa da nisa. Idan ka yi dogon taku, ƙafa ɗaya tana inda ƙarfin ya fi, ɗayar tana inda ya ragu, sai wutar ta hau ta wannan ƙafa ta sauka ta waccan. Wanda ya tsinci kansa kusa da waya sai ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su kaɗan-kaɗan ba tare da ɗagawa ba har ya fita. Idan a kan mota wayar ta faɗo, a zauna a ciki har masu wuta su kashe layin. Sai in motar ta kama wuta ne ake tsalle a dira da ƙafa biyu a haɗe, ba tare da an taɓa mota da ƙasa a lokaci ɗaya ba.

Daga falwaya zuwa mita aikin kamfanin wuta ne. Ba a karya hatimin mita, ba a hawa falwaya, ba a ture waya da gora. Ɗanyen ice da jiƙaƙƙiyar gora suna ɗaukar wuta.

Kashe wuta, cire kaya

Idan ruwa ya shiga gida har ya kai tsayin soket, ko sai ka taka ruwa kafin ka isa akwatin bireka, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu idan an samu matsala, kada ka shiga. A kira kamfani ko ƙwararren mai aikin wuta ya yanke daga waje. Idan wurin a bushe yake, ka tsaya a kan busasshen katako ko tabarmar roba, ka tsaya ta gefen akwatin, ka kawar da fuska, ka saukar da babban makunni da hannu ɗaya.

Ga abin da mutane da yawa ke mantawa: a gidan da ke da inbata, saukar da babban makunni ba ya kashe soket ɗin da ke kan inbatar. Da ta ga wutar kamfani ta ɗauke sai ta karɓa nan take. Ka kashe ta daban. Haka janareta mai tashi da kansa, a mayar da shi inda ba zai tashi ba.

Sannan ka bi ɗaki-ɗaki kana zare fulogi. Zarewa, ba kashe makunnin soket kawai ba. Dalilin zai zo a gaba. Kana tafe kana shinshinawa. Ƙaurin roba ko wani wari mai kama da ƙarnin kifi a kusa da soket ko akwatin bireka alama ce ta robar da ta yi zafi ta fara narkewa. Ka ɗora bayan hannu a kan murfin soket da makunni, idan da ɗumi ka yi wa wurin alama.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila, maltimita ta auna wuta, sukundireba mai rigar roba wadda aka rubuta volt 1000 a jikinta, salatif na wuta, da takarda da biro don rubuta wace bireka ce ke riƙe da wane ɗaki. Ƙaramar tasta mai ɗan ƙwai a ciki ba abin dogaro da rai ba ce. Takan haska a kan wayar da ba ta da wuta ta gaske, kuma takan ƙi haskawa yadda za a gani a cikin rana ko idan kana tsaye a kan abin da ya raba ka da ƙasa. Kowace na'urar gwaji za ka yi amfani da ita, ka gwada ta a inda ka san akwai wuta, ka gwada wurin da za ka taɓa, sannan ka sake gwada ta a wurin farko don tabbatar ba ta mutu a tsakani ba.

Ina iyakar matsalar?

Idan maƙwabta ma babu wuta, matsalar ta layi ce ko taransifoma. Ka bar kaya a zare, domin wutar farko da ake dawowa da ita bayan gyara takan zo da hawa da sauka. Ka bar ƙwai ɗaya a kunne ya sanar da kai, idan ta dawo ka ba ta minti 10 zuwa 15 ta daidaita.

Idan maƙwabta suna da wuta kai babu, dubi mita. Fuskarta a mace tana nufin wuta ba ta iso ba: wayar shigowa ce ta tsinke ko fiyus ɗin kamfani ya ƙone. Idan mita tana aiki amma gida duhu, matsalar daga babban makunni ce zuwa ciki. Idan wasu ɗakuna suna da wuta wasu babu alhali duk bireka suna sama, kuma gidan fes uku ake ba shi, wato wayoyin wuta uku daban-daban, to fes ɗaya ne ya faɗi daga waje. A kashe duk injin da ke aiki da fes uku, kamar babban injin jan ruwa, domin idan ya ci gaba da juyawa a kan fes biyu zai yi zafi ya ƙone. Idan ɗaki ɗaya ne ko soket kaɗan, bireka ɗaya ce ta faɗi ko haɗi ya saki a wannan layin.

Idan wasu ƙwayaye sun yi haske fiye da kima

Wannan ita ce alamar da ta fi kowace buƙatar gaggawa, kuma ita aka fi yi wa kuskuren fahimta. Za ka ga ƙwai a wani ɗaki ya yi fau kamar zai fashe, na wani ɗakin ya yi ja ya dushe. Fanka tana gudu da ƙara. Ka jona dutsen guga, maimakon hasken ƙwai ya ɗan ragu sai na wani wuri ya ƙaru. Wani lokaci famfon ƙarfe ko jikin firji yana ɗan ja. Wannan ba cikar wuta ba ce. Wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta tsinke ko ta saki, galibi a kan falwaya ko a mahaɗar shigowa gida, inda iska ta fi jijjigawa.

Ga yadda abin yake. Taransifoma tana fitar da fes uku da nutural ɗaya. Tsakanin kowane fes da nutural volt 230 ne, amma tsakanin fes da fes kusan volt 400 ne. Nutural ce ke riƙe kowane ɓangare a kan 230. Idan ta tsinke, kayan da ke kan fes ɗaya da na wani fes sai su zama a jere a kan volt 400, su raba shi a tsakaninsu, kuma rabon ba daidai yake ba: ɓangaren da ke da ƙaramin kaya shi ke kwasar kaso mafi girma. A ɗauka a wani fes akwai hita mai wat 2000, a ɗayan kuma ƙwayaye da talabijin da jimillarsu wat 100 ce. Hitar za ta samu kimanin volt 19, talabijin da ƙwayayen su samu kimanin volt 381. Shi ya sa ƙananan kaya masu tsada ke fara mutuwa. Ko gidanka fes ɗaya ne abin yana iya shafarka, idan nutural ɗin da kuke tarayya da maƙwabta ne ya tsinke. A ƙasashen da ake ba gida volt 120 biyu da nutural a tsakiya, haka abin yake faruwa, ɓangare ɗaya ya doshi volt 240.

Da ka ga wannan alama, kashe babban makunni nan take, kada ka tsaya zare kaya ɗaya-ɗaya. Kada ka taɓa famfo ko jikin kayan ƙarfe, domin a wasu gidaje wayar ƙasa, wato wadda ke haɗa jikin kayan ƙarfe da ƙasa don kariya, a haɗe take da nutural a mashiga, don haka jikin ƙarfe yana iya ɗaukar wuta ko bayan ka kashe. Ka kira kamfani ka faɗa musu a fili cewa kana zargin nutural ta tsinke, ka kuma sanar da maƙwabta. Sitabilaiza ba ta maganin wannan. Ita ma ƙonewa take yi.

Bireka da ke faɗuwa

A cikin akwatin za ka ga iri biyu. Ƙananan bireka, masu lamba kamar 6, 10, 16, 20 ko 32 a jiki, suna faɗuwa idan kaya sun yi wa layi yawa ko wayar wuta ta haɗu da nutural. Akwai kuma mai faɗi wadda aka rubuta RCD ko RCCB ko ELCB a jikinta, da maɓallin gwaji mai harafin T, da lamba 30mA. Ita tana auna wutar da ta fita ta wayar wuta da wadda ta dawo ta nutural. Idan bambancin ya kai miliamp 30, wato wuta tana zurarewa ta wani wuri, ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Bayan hadari ita ce ta fi faɗuwa, domin danshi kaɗan ya ishe ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Birekar da ta faɗi akwai abin da ta gani, kuma kowane ɗagawa da ka yi a kan matsalar da ba a gyara ba ƙarin tartsatsi ne a wurin da ya lalace. Ga yadda ake gano wurin:

1. Tabbatar duk fulogi a zare suke, duk makunnan fitila a kashe.
2. Saukar da duk ƙananan bireka, da RCD, da babban makunni.
3. Ɗaga babban makunni. Sannan ɗaga RCD. Wasu sai an danna su ƙasa sosai kafin su kama.
4. Ɗaga ƙananan bireka ɗaya bayan ɗaya, kana ba kowace kamar minti ɗaya. Ka bar na fitilun waje, soket ɗin waje da injin ruwa su zo a ƙarshe, domin su aka fi zargi.
5. Wadda ka ɗaga wuta ta faɗi, layinta ne mai matsala. Ka bar ta a ƙasa, ka manna mata salatif da rubutu, ka mayar da sauran.
6. Idan duk sun tsaya, matsalar tana cikin kaya. Kunna fitilu ɗaya-ɗaya, sannan jona kaya ɗaya-ɗaya har ka ga wanda ya kayar da ita.

Yadda ta faɗi ma bayani ne. Idan ƙaramar bireka ta faɗi nan take da ƙara "fat", wayoyi sun haɗu, kada ka sake ɗagawa. Idan sai bayan mintuna take faɗuwa, kaya ne suka yi yawa ko haɗi ya saki yana zafi. Lissafin mai sauƙi ne: amp sau volt. Bireka mai amp 20 a kan volt 230 tana ɗaukar wat 4600, kuma bayan ɗaukewar wuta kowa yakan jona hita da dutsen guga da injin ruwa a lokaci ɗaya. Idan RCD ce ke faɗuwa jefi-jefi, musamman da an sake yayyafi, danshi ne a wani akwatin haɗi ko fitilar waje.

Akwai yanayin da ke rikita mutane: duk ƙananan bireka suna ƙasa amma RCD ta ƙi tsayawa, ko kuma kowace bireka ka ɗaga ka jona kaya sai ta faɗi. Yawancin ƙananan bireka wayar wuta kaɗai suke yankewa, nutural tana nan a haɗe. Idan ruwa ya haɗa nutural da wayar ƙasa a wani wuri, RCD za ta ci gaba da ganin zurarewa ko da birekar wannan layin tana ƙasa. Wannan ne dalilin zare fulogi gaba ɗaya, tunda makunnin soket da yawa ma wayar wuta kaɗai yake yankewa. Idan ka zare komai abin bai canza ba, sai mai aikin wuta ya kwance nutural ɗin kowane layi a cikin akwati ya gwada su daban-daban. Wannan ba aikin mai gida ba ne, domin bakin shigowar babban makunni yana da wuta ko an saukar da shi.

Kada a ɗaure bireka don ta daina faɗuwa, kada a tsallake RCD, kada a canza ƙaramar bireka da babba. Lambar bireka da kaurin waya tare suke tafiya: waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce da bireka 6 ko 10, mai 2.5 ta soket ce da 16 ko 20, manyan kaya kamar murhun lantarki suna son waya mai 4 ko 6. Idan ka sa bireka 32 a kan waya 1.5, rigar wayar tana iya narkewa a cikin bango birekar ba ta motsa ba. Haka fiyus: wanda ya ƙone a canza shi da mai lamba ɗaya, 3 ko 5 ko 13 a fulogin da ke da shi, ba da silin waya ko takardar gwangwani ba.

Ruwa a silin da cikin soket

Idan silin ya yi tabo ko ya kumbura kusa da fitila ko fanka, ko ka ga ruwa a cikin gilashin fitila, birekar fitilun wannan ɓangaren ta zauna a ƙasa. Bayan an kashe wuta duka, a ajiye bokiti a huda ƙaramin rami a inda ya fi kumbura, nesa da fitilar, ruwan ya tsiyaye kafin nauyinsa ya rufto da silin. A gyara rufin tukuna. Busar da waya alhali kwano yana yoyo aikin banza ne.

Idan dokar inda kake ta yarda mai gida ya buɗe soket, kuma ka saba, to ga tsari: babban makunni a ƙasa, inbata a kashe, rubutu a jikin akwati kada wani ya ɗaga. Kwance murfin, ka auna tsakanin wayoyi ukun bibbiyu ka ga sifili kafin yatsa ya shiga. A sabon tsarin launi na ƙasashe da yawa, ruwan ƙasa ce wayar wuta, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya wayar ƙasa. A tsohon tsari ja ce wuta, baƙa nutural. A Amurka baƙa ce wuta, fara nutural. Kada launi ya ishe ka shaida, mai wayarin ɗin farko yana iya yin kuskure. Abin da kake nema shi ne ruwa, laka, koren tsatsa a kan tagulla, baƙin hayaƙi, robar da ta narke, da noti mai sako-sako. Idan ruwan sama mai tsabta ne ya ɗan ɗiga, a bar murfin a buɗe iska ta shiga, layin a kashe. Bututun waya yakan riƙe ruwa kwanaki, don haka bushewar fuska ba ta nuna ciki ya bushe. Idan bakin waya ya yi baƙi, a yanke har inda tagulla ke ƙyalli, a feɗe kimanin milimita 10, a ɗaure tam, a ɗan ja a ji ta kama.

Abin da ruwan ambaliya ya nutsar kuwa, wato bireka, RCD, soket, makunni da na'urar kare tsawa, canzawa ake yi. Laka da tsatsa suna shiga cikin sassan da ke motsi. Bireka tana iya ba da wuta lafiya bayan ta bushe, amma ranar da ake buƙatar ta faɗi ta maƙale.

Auna kafin ka jona kaya masu tsada

Juya maltimita zuwa ma'aunin volt na wutar gida, inda aka yi alamar V da layi mai lanƙwasa, a kan 600 ko 750. Riƙe wayoyin gwajin ta robarsu. A tsarin volt 230, tsakanin wuta da nutural ya kamata ka ga abin da ke tsakanin 207 da 253. Tsakanin wuta da ƙasa kusan haka. Tsakanin nutural da ƙasa sifili ko volt kaɗan. Idan awon wuta da ƙasa ya gaza na wuta da nutural sosai, wayar ƙasa ta tsinke ko mahaɗar sandar da aka kafa a ƙasa ta saki. Tsawa da zaizayar ruwa duk suna jawo haka. Idan nutural da ƙasa ya nuna gomman volt, ko lambar tana tsalle sosai duk lokacin da aka jona wani abu, koma ga bayanin nutural.

Wuta mara ƙarfi ma tana ɓarna. Idan ta yi ƙasa da 207, a zare firji, na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa. Inji idan bai samu isasshen volt ba sai ya ja amp da yawa, ya yi zafi, wayoyin cikinsa su ƙone.

Kayan da suka ƙi tashi

Gwada na'urar a soket ɗin da ka tabbatar yana aiki, sannan duba fiyus ɗin fulogi. Idan talabijin da dikoda da na'urar intanet suka mutu tare alhali sauran kaya lafiya, tsawar ta wayar eriya ko ta intanet ta shigo, shi ya sa kashe soket bai cece su ba. Wani lokaci bakin jona waya ɗaya ne kawai ya mutu.

Firji a ba shi minti 5 bayan ɗaukewar wuta kafin a sake jonawa, don matsin iskar cikinsa ya daidaita. Idan yana gurnani ya yi "ƙyat" ya yi shiru, ya sake bayan 'yan mintuna, ko wuta ba ta da ƙarfi ko ɗan abin da ke tayar da kwamfuresa ya ƙone. A zare shi. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4, firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24.

Fanka ko injin ruwa da ke gurnani ba ya juyawa, galibi kafasita ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa inji ya tashi, sau da yawa za a ga ta kumbura. Ana canza ta da mai lamba ɗaya. Kafasita tana riƙe wuta bayan an zare fulogi, don haka ba a buɗe na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, talabijin ko inbata a gida. Duk abin da ruwa ya shiga, kada a kunna shi don a ga ko yana aiki. Kunnawar ce ke ƙarasa shi.

Janareta da sola

Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙi yana kallon nesa da gida, a ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci, kuma ruwan sama ne ke sa a jawo shi baranda ko cikin gareji. Kada a haɗa shi da gida ta hanyar soka waya a soket. Sai ta makunnin sauya layi, wanda ke raba gidan da wutar kamfani gaba ɗaya. In ba haka ba wutarsa tana komawa kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban volt, ta samu ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara. A kashe shi ya huce kafin a ƙara mai.

Farantin sola yana ba da wuta muddin haske na dukansa, ko ya tsage, ko iska ta jefo shi ƙasa, kuma idan an jera su da yawa sukan kai ɗaruruwan volt. A bi tsarin kashewa da ke cikin littafin inbatar. Yawanci ɓangaren wutar gida ake fara kashewa, sannan makunnin faranti, sannan batir. Kada a zare mahaɗar wayar faranti alhali tana ɗauke da kaya, domin tartsatsin irin wannan wuta ba ya mutuwa da kansa da sauƙi. Batirin litiyam da ya nutse, ya kumbura ko yake zafi, kada a yi cajinsa. Yana iya kamawa da wuta bayan awanni ko kwanaki, don haka a nisanta mutane da kaya daga gare shi a kira wanda ya haɗa shi.

Idan wuta ta kama mutum, ko gobara ta tashi

Kada ka kama shi. Kashe makunni ko zare fulogi. Idan ba hali kuma wutar gida ce, ka tsaya a busasshen wuri ka raba shi da wayar da busasshen katako ko roba. Idan wayar falwaya ce, kada ka matsa, kira masu wuta da masu agajin gaggawa. Idan ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso. Ko ya tashi yana cewa lafiya lau, a kai shi asibiti, domin ƙunar wuta takan yi zurfi a ciki kuma bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa. A kashe wuta, a yi amfani da tukunyar kashe gobara ta hoda ko ta iskar kabon, ko busasshen yashi. Idan ta fi ƙarfin haka, kowa ya fita.

Abin da za ka nema daga mai gyara

Idan ruwa ya shiga wayarin ko tsawa ta faɗi kusa, kada aikin ya tsaya a "wuta ta kawo". Ka nemi ya gwada lafiyar rigar wayoyi da na'urar da ke tura volt 500, bayan an zare duk kaya. Kowane layi kada ya gaza megohm 1 a ma'aunin yadda rigar ke tare wuta, kuma lafiyayyen layi yakan nuna sama da haka nesa. Ya gwada cewa wayar ƙasa ta isa kowane soket, ya auna sandar ƙasa, ya gwada RCD da na'ura ya ga a miliamp nawa da kuma cikin wane lokaci take faɗuwa, ya sake ɗaure duk notin da ke cikin akwati. Soket da fitilun waje a canza su da masu lambar IP65 ko sama, wato masu hana ƙura da ruwa shiga, wayar ta shiga ta ƙasan akwatin don kada ruwa ya bi ta.

Idan akwai na'urar kare tsawa a akwatin, a dubi 'yar tagar da ke fuskarta: kore tana aiki, ja ta gama, a canza. Kowane bugu da ta sha yana cin ƙarfinta, haka ma wadda ke cikin dogon soket mai baki da yawa, wanda yakan ci gaba da ba da wuta bayan kariyarsa ta ƙare. Idan babu, a sa nau'i na 2 a babban akwati, gidan da ke da sandar kare tsawa a kan rufi kuma a haɗa masa da nau'i na 1. Wayoyinta su zama gajeru, jimillarsu kada ta wuce rabin mita, kuma ba ta aiki sai da wayar ƙasa mai kyau. A ƙara da na'urar da ke yanke wuta idan volt ya haura ko ya faɗi fiye da iyakar da aka saita mata, domin ita ce ke tsare kaya ranar da nutural ta tsinke, abin da na'urar kare tsawa ba ta yi.